YAWAN YARA CIKIN AJI: TARIHIN LAKWAL A ARLIT DA AKOKAN



Babu gwamnatin da aka yi a ƙasar Nijar wadda ba ta ce za ta rage cunkoson yara cikin ajujuwan lakwal ba. Ta farar hula ta faɗa, ta soja ta faɗa. Duk da haka, wanda ya leƙa aji na farko a unguwannin Arlit cikin watan Oktoba zai tarar da yara huɗu ko biyar bisa bencin da aka yi don biyu ko uku, wasu kuma zaune ƙasa gab da allo. Tun da yawancinmu akwai wanda ɗansa ko jikansa ke cikin irin wannan aji, ko a gida ko a garin uraniyom, ya kamata mu san yadda maganar ta faro da hanyoyin da aka bi da ita. Zan ba da labarin bi da bi, da shekarunsa, in kuma faɗi ra'ayina inda na ga ya dace. Wanda ya ga abin da idonsa ya fi ni sani, sai ya ƙara mana a fitowa ta gaba.

Dattawa sun tuna lokacin da matsalar lakwal ita ce rashin yara. Zamanin Nasara kwamanda ke aika wa sarki yawan yaran da yake so, sarki ya aika dogarai, uwaye su ɓoye ƴaƴansu cikin rumbu ko su tura su ruga. Masu hali sukan ba da ɗan bara maimakon nasu. Sa'ad da aka samu mulkin kai a 1960, mutanen ƙasar duka wajen miliyan 3 ne, kuma yaran da ke lakwal ba su kai 5 cikin 100 na waɗanda suka isa shiga ba. A 1961 ministocin ilimi na Afirka suka taru a Adis Ababa suka yanke cewa kafin 1980 kowane yaro zai shiga lakwal. Gwamnatin Diori Hamani ta ga ba ta da malaman da za su ɗauki wannan kaya, sai ta gwada wata dabara a 1964: karatu ta talabijin. Ana shirya darasi a Yamai, a watsa shi cikin ajujuwa, a sa wani saurayi mai sartifika, wanda aka yi wa gajeren horo, ya kula da yara. Masana daga ƙasashe da dama sun zo kallo, sun yaba. Amma abin bai taɓa fita daga ƴan ajujuwa kaɗan ba, ga tsada, kuma kafin ƙarshen shekarun 1970 aka bar shi. Na kawo shi ne domin shi ne karo na farko da aka nemi hanyar koyar da yara masu yawa ba tare da biyan cikakken malami ba. Za ku ga wannan tunani ya yi ta dawowa da sabuwar riga.

A wancan lokaci babu Arlit. Fili ne na duwatsu da iska yamma da Abzin, inda sai makiyaya ke ratsawa. A 1957 Faransawa masu neman jan ƙarfe suka ci karo da alamar uraniyom a Azelik, wajen Ingal. Aka ci gaba da bincike har aka gano na Arlit. A 1968 aka kafa kamfanin SOMAIR, a 1969 aka soma gina gari, a 1971 aka fitar da uraniyom na farko. A 1974 aka kafa COMINAK, wanda ya haƙa rami ƙarƙashin ƙasa a Akuta ya soma fitarwa a 1978, ma'aikatansa kuwa aka gina musu Akokan. Daga baya aka buɗe gawayin Anu Araren kusa da Cirozerin domin ba ma'adinan wutar lantarki.

To, garin da kamfani ya gina, da lissafi ya gina shi. An san yawan ma'aikata, an san yawan gidaje, an raba su: ga na manya, ga na matsakaita, ga na leburori. Ruwa da wuta da asibiti da kanti duk an auna su bisa wannan lissafi, haka nan ajujuwan lakwal. Ƴaƴan Turawa na da tasu lakwal mai bin tsarin Faransa. Abin da lissafin bai hango ba shi ne mutanen da za su zo ba tare da kamfani ya kira su ba. Fari na 1973 da 1974 ya kashe dabbobin Abzin da Azawak, makiyaya suka gangaro bakin gari neman abin kai wa baka. Daga kudu kuma, Adar da Gobir da Katsinar Maraɗi da Damagaram, samari suka yi ta hawa manyan motoci, har da namu. Wanda ya samu aiki ya kira ƙanensa, ƙanen ya kira abokinsa. Mahauta, teloli, masu wanki, masu tuwo, ƴan ga-ruwa, kowa ya zo cin arzikin ma'aikata. Da aka gama shimfiɗa kwalta daga Tawa zuwa Arlit wajen 1980, hanya ta ƙara sauƙi. Waɗannan mutane suka kafa bukkoki na kwali da buhu da gwangwanin tano a gefen unguwannin kamfani, kuma sunan ya bi wurin har yau: Bukoki. Ƙidayar 1977 ta sami mutum wajen dubu 10 a Arlit. Ta 1988 ta sami fiye da dubu 30. Ta 2001 ta sami fiye da dubu 60.

Ke nan tun daga farko garin biyu ne, yaransa ma kashi biyu ne. Yaron da ubansa ke da lambar aiki ya tarar da aji na siminti, da benci, da famfo kusa, da fitilar yin bita da dare. Yaron Bukoki sai abin da gwamnati ta iya yi, kuma gwamnati tana Yamai, tafiyar fiye da kilomita 1000. Ban ce kamfanoni ba su taɓa gina aji a wajen unguwanninsu ba; sun gina, sun ba da benci da littattafai lokaci-lokaci. Amma kyauta daban, tsari daban. Kyauta takan zo shekarar da kasuwa ta yi kyau, haihuwa kuwa kowace shekara ake yi.

Shekarun farko na Seyni Kunce, wanda ya karɓi mulki ran 15 ga Afrilu 1974, su ne lokacin da aka fi kusa da cika alkawari. Kuɗin uraniyom ya hau har laba ɗaya ta wuce dalar Amurka 40 wajen 1978, kuma shi ne fiye da kashi biyu cikin uku na abin da ƙasa ke sayarwa waje. Aka yafe wa talaka harajin kai, aka ƙara albashi, aka gina ajujuwa da kolejoji, ana ba ɗan lakwal kaye da alƙalami kyauta. Duk wanda ya fito daga ekol normal an ɗauke shi aiki nan take, da lambarsa da fanshonsa. Tsofaffin malamai na kiran waɗannan shekaru da daɗin baki, kuma suna da gaskiya. Sai dai a tuna, ko a lokacin yaro ɗaya ne cikin huɗu ko biyar ke zuwa lakwal. Ajin ya yi sauƙi ne domin yawancin yara na waje.

Daɗin bai daɗe ba. A 1979 aka yi haɗari a wata tashar nukiliya ta Amurka, ƙasashe da dama suka ja baya da gina sababbi, farashi ya soma gangarowa. A 1986 aka yi wanda ya fi shi muni a Carnobil, cikin Tarayyar Sobiyet. Kafin 1990 laba ta faɗo ƙasa da dalar Amurka 10. Ma'adinan da suka fitar da fiye da tan 4000 a 1981 suka koma wajen 3000, aka yi ta rage ma'aikata. Ga bashin da aka ci lokacin wadata, ga farin 1984. Daga 1983 gwamnati ta shiga yarjejeniya da Asusun Lamuni na Duniya, daga baya da Bankin Duniya, kuma cikin sharuɗɗansu akwai taƙaita ɗaukar ma'aikata. Malaman lakwal su ne suka fi yawa cikin ma'aikatan gwamnati, saboda haka a kansu wuƙar ta fi sauka. A Arlit abin ya zo da ninki biyu: wanda aka sallama ya fita daga gidan kamfani, amma sau da yawa bai bar gari ba, sai ya koma kare ko Bukoki da iyalinsa, ƴaƴansa suka ƙaru bisa ajin da dama ya cika.

A nan ne aka kawo dabarar da ta fi kowace tayar da ƙura. Wajen ƙarshen shekarun 1980, da shawarar Bankin Duniya, aka soma abin da ake kira da Faransanci "double flux", wato a raba aji gida biyu, ƴan safe da ƴan marece, ɗaki ɗaya, malami ɗaya. Bisa takarda lissafin ya yi kyau. Yara 100 sun zama 50 da 50, ba a gina ɗaki ba, ba a ɗauki sabon malami ba, sai ɗan alawus da aka ƙara wa tsohon. Wanda ya rubuta rahoto zai iya cewa an rage yawan yara cikin aji da rabi, kuma bai yi ƙarya ba. Abin da aka rage tare da su shi ne lokacin karatu. Yaro mai zuwa safe da marece yana samun sa'o'i 30 a mako. Ɗan rabin yini ba ya samun haka, ga shi littafin da za a tambaye shi ran jarrabawa bai ragu ko shafi ɗaya ba. Malamin kuma da ya yi magana tun safe, ƴan marece sai su sami ragowar muryarsa. Ku ƙara da zafin Arlit na watan Afrilu da Mayu ƙarƙashin kwano, ku gaya mini abin da yaro ɗan shekara 7 zai riƙe da ƙarfe uku na rana.

Ƙungiyar malamai ta SNEN ta ƙi abin, ƙungiyar ɗalibai ta USN ma haka. Talakawa kuma suka lura da cewa ƴaƴan manya ba sa cikin ajin rabin yini. Ran 9 ga Fabrairu 1990 ɗalibai suka fito a Yamai suna ƙin tsarin tsuke bakin aljihu da aka shirya wa ilimi, aka buɗe musu wuta bisa gadar Kennedy, uku suka rasu. Wannan rana na cikin abin da ya kai ƙasa ga Babban Taron Ƙasa na 1991, inda aka yi tir da waɗannan tsare-tsare. Amma tir ba ya gina aji. Baitulmali babu kome, sai ga shi cikin shekarun 1990 an sake komawa ga raba ajin a manyan garuruwa. A ganina, malaman da suka ƙi tsarin sun yi daidai game da illarsa, amma ba su ba da amsar tambayar da ke gaban mai mulki ba: yaro 50 ɗin nan na biyu, a kore su gida ko kuwa? Har yau duk wanda ya yi maganar rage yara cikin aji bai faɗi inda za a kai ragowar ba, maganarsa rabi ce.

Shekarun 1990 ba sai na daɗe kansu ba, kun sha su. An karya darajar sefa da rabi a Janairu 1994, albashi ya yi ta makara wata da watanni, yajin aiki ya bi yajin aiki, har akwai shekarun da aka soke karatunsu ɗungum. A arewa ga tawaye, wanda sai ran 24 ga Afrilu 1995 aka sa hannu bisa sulhunsa; lakwal da dama na daji sun rufe, iyalai suka shigo gari. A shekarar 2000, bayan shekara 40 da mulkin kai, yaro ɗaya ne kawai cikin uku ke lakwal a Nijar.

Daga nan sai akalar ta juya. Ran 1 ga Yuni 1998 aka kafa dokar tsarin ilimi ta ƙasa, a shekarar kuma aka soma ɗaukar malaman sa-kai, waɗanda daga baya aka kira ƴan kwantiragi. A 2000 duniya ta taru a Dakar ta yi alkawarin ilimi ga kowa kafin 2015. A 2002 masu ba da tallafi suka fito da ma'auninsu, Nijar na cikin ƙasashen farko da suka shiga: yara 40 ga malami ɗaya, albashin malami kuma kada ya wuce ninki uku da rabi na abin da ɗan ƙasa ke samu a shekara. Wannan 40 da kuke ji a bakin ansipekta da rediyo, daga can ta samo ƙarfinta. Shugaba Tanja Mamadu ya ɗauki kuɗin da aka samu daga yafe bashi ya buɗe shirinsa na musamman a 2001, mai burin aji 1000 kowace shekara, a 2003 kuma aka soma shirin ilimi na shekara goma. A faɗi gaskiya, an yi aiki. Ƴan lakwal da ba su kai dubu 600 ba a 2000 sun wuce miliyan ɗaya da rabi a 2010. Ƙauyuka da yawa a lokacin suka fara ganin aji na siminti. Ƴan mata da dama da ke karanta wannan takarda ta wannan ƙofa suka shiga.

Amma ku dubi ma'aunin nan biyu tare. Ba za a iya ba kowane yara 40 malami ba sai in malamin ya yi araha. Ɗan kwantiragi na farko bai samun ko rabin albashin malamin gwamnati, babu fansho, horonsa kuma wani na ƴan makonni ne, wani ma babu. Cikin ƴan shekaru suka zama wajen kashi uku cikin huɗu na malaman lakwal. Akwai jarumai cikinsu, na yi aiki da su, wasu sun fi masu babbar takarda iya riƙe aji. Amma mutumin da kuɗinsa ke makara, kuma aka tura shi gari mai tsadar Arlit inda kome sai an ɗauko daga kudu, idonsa na bisa hanya. Da aka sami zinariya a Jado da Cibarakaten a 2014, ba leburori kaɗai suka tafi ba. A wannan shekara ta 2014 aka auna ƴan ajin ƙarshe na ƙasashe goma masu aiki da Faransanci, Nijar ta zo ƙarshe: waɗanda suka iya karatu yadda ya kamata ba su kai 1 cikin 10 ba. A 2017 gwamnati ta yi wa ƴan kwantiragi jarrabawa, ta sallami dubbai. Da aka sake awon a 2019 an sami ci gaba, wajen 3 cikin 10. Saura bakwai.

Yanzu ga abin da nake so dattawa su riƙe, domin nan ne ake ruɗa mu. In an raba dukan ƴan lakwal na ƙasa da dukan malamai, lissafin yakan faɗo wajen 40, wata shekara ma ƙasa da haka. Mai kallo daga Yamai sai ya ce an cimma buri. Amma wannan kamar a ce attajiri ya ci kaza biyu, maƙwabcinsa ya kwana da yunwa, sai a rubuta kowa ya ci ɗaya. A cikin jihar Agadas kanta, akwai lakwal a kwarin Abzin inda malami ɗaya ke riƙe da yara kaɗan na aji biyu ko uku cikin ɗaki guda, kuma dole a bar shi can, don in an ɗauke shi babu wata lakwal sai an yi tafiyar yini. Akwai kuma malaman da sunansu ke cikin lissafi alhali suna ofis, ko hutun haihuwa, ko jinya. A cikin gari ɗaya ma ajin ƙarshe yakan yi sauƙi saboda yara sun zube a hanya, aji na farko kuwa ya cika ya batse. Wato cunkoson ya fi tsanani daidai wurin da yaro ya fi bukatar a kama hannunsa.

Bari in nuna muku da lissafin kasuwa. A ce aji na da yara 90, darasin karatu na sa'a ɗaya. In malami bai yi kome ba sai sauraron yara ɗaya bayan ɗaya, kowane yaro zai sami daƙiƙa 40. Bai rubuta bisa allo ba, bai raba faɗa ba, bai fitar da mai fitsari ba. Saboda haka ba ya saurarensu ɗaya-ɗaya. Sai ya karanta su amsa baki ɗaya, muryar ta cika unguwa, uba mai wucewa ya ji daɗi ya ce ana karatu. Alhali goma na gaba ne ke karantawa, sauran bakin na gaba suke bi. Yaro zai iya shekara uku yana wannan amshi bai san harafi ba, kuma babu wanda ya gane sai ran da aka miƙa masa takarda shi kaɗai. Da marece malami ya ɗauki kaye 90. In ya ba kowane minti biyu, sa'a uku ke nan, ga shirin darasin gobe. Ku tuna kuma ajin Arlit ba harshe ɗaya ke cikinsa ba. Ga mai Hausa, ga mai Tamajak, ga mai Zabarmanci, ga mai Fulatanci, ga mai Larabci, dukansu kuma ana yi musu magana da Faransancin da ba su taɓa ji a gida ba. Tun 1973 aka buɗe lakwal ta gwaji a Damagaram inda yaro ke soma karatu da Hausa, an kuma ga amfaninta, amma aka yi shekaru da dama ana kiranta gwaji. A irin wannan aji bulala kan zama mataimakin malami, ba don yana so ba. Hausawa sun riga sun faɗa: in dambu ya yi yawa ba ya jin mai.

Ko ƙasashen da suka fi mu hali sun yi wannan gardama. A jihar Tenesi ta Amurka, daga 1985 zuwa 1989, an raba dubban yara da ƙuri'a, wasu aji mai 13 zuwa 17, wasu mai 22 zuwa 25, aka bi su shekara huɗu. Na ƙaramin aji suka fi, kuma ribar ta fi yawa ga ƴaƴan talakawa da shekarun farko. A 2017 Faransa ta soma raba ajin koyon karatu a unguwannin matalauta domin ya koma wajen yara 12. Mu da ke neman saukowa daga 90 zuwa 50, waɗannan lambobi kamar tatsuniya ne. Amma darasi ɗaya ya shafe mu: su ma da kuɗinsu ba su rage ko'ina lokaci ɗaya ba, sun fara da ƙananan ajujuwa. Mu kuwa al'adarmu a lakwal ita ce a ba ajin jarrabawa ɗaki mafi kyau da malami mafi ƙwarewa, a tura sabon shiga rumfa da sabon malami.

Maganar rumfa kuwa ta kai mu ga baƙin ciki. Tun da ɗaukar yara ya fi gina ɗaki sauri, iyaye ke kafa rumfar zana ko ta kara bayan an yi girbi, a rushe ta in damina ta kusa. Karatu ya makara da farawa, ya yi saurin ƙarewa. A arewa, inda kara ma sai an saya, iskar hunturu da ƙura ke korar yara. Ran 13 ga Afrilu 2021 wuta ta kama irin waɗannan ajujuwa a unguwar Pays-Bas ta Yamai, yara 20 suka rasu. Ran 8 ga Nuwamba na wannan shekara aka sake yi a Maraɗi, yara fiye da 20 suka rasu. Allah ya jiƙansu. Gwamnatin Bazum Mohamed ta hana sa ƴan ƙananan yara na renon farko cikin rumfa, ta kuma faɗi da bakinta cewa ajujuwan rumfa sun kai wajen dubu 36 a ƙasa, ta yi alkawarin maye su. Ku gwada wannan adadi da aji 1000 a shekara na zamanin Tanja. Ƙidayar 2012 ta sami mutum miliyan 17, suna ƙaruwa da kusan 4 cikin 100 kowace shekara. Ko rumfa ɗaya ba a maye ba, sai an gina dubban ajujuwa a shekara kafin a tsaya inda ake.

Sai tambayar da kowane ɗan Arlit ke yi: ina kuɗin uraniyom? Dokar ma'adinai ta 2006 ta ce kashi 15 cikin 100 na abin da gwamnati ta karɓa daga ma'adinai a mayar wa kananan hukumomin jihar da aka haƙo shi. Doka ce mai kyau, kuma an gina ajujuwa da ita. Amma magadan gari da ƙungiyoyin farar hula sun sha kukan cewa kuɗin na makara, har a tara bashin shekaru. A 2016 kuma aka miƙa wa kananan hukumomi nauyin gina lakwal da kula da ita. Nauyin ya iso kafin kuɗin.

Ran 31 ga Maris 2021 COMINAK ya rufe bayan ya fitar da wajen tan dubu 75. Ma'aikata wajen 600 suka rasa aiki, ban da na ƴan kwangila da duk masu ci daga gare su. Imuraren da aka sa wa rai tun 2009 an dakatar da aikinsa tun kafin ya fitar da kome. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, hukuma ta karɓe lasisin Imuraren daga Orano a Yuni 2024, ta kuma mayar da SOMAIR mallakar ƙasa a Yuni 2025. Abin da wannan zai haifar wa lakwal, sai mun ga kasafin kuɗi da ɗakunan da aka gina. Abin da muka riga muka gani shi ne yara na tafiya: wanda ubansa ya daina biyan lakwal mai zaman kanta ya koma ta gwamnati, wanda aka mayar gida wajen kakanni ya ƙaru bisa ajin ƙauye. Cunkoson Akokan wani sashensa yanzu yana garinmu.

Saboda haka maganar asusun ƙungiya da ake yi, ko a gina aji a gida ko a bari, ina da abu uku da zan roƙa a duba kafin a sayi buhun siminti ɗaya. Ɗaki ba ya rage yara sai da malami, malami kuma ansipekta ke turo shi bisa yawan yaran da ke rubuce cikin rajista. A fara zuwa wurinsa da direkta da kwamitin iyaye, da rajistar a hannu, a ji ko zai ba da malami in an gina, a kuma nemi magajin gari ya sa ginin cikin lissafinsa. Waɗanda suka mayar da ƴaƴansu gida daga Arlit su tabbata an yi musu takardar canjin lakwal kuma suna da takardar haihuwa, don yaron da ke zaune cikin aji ba a rubuta shi ba yana cin wuri amma ba ya cikin lissafin da ake turo malami da shi. In kuma Allah ya sa aka gina, a yi yarjejeniya da direkta tun kafin a ɗora kwano cewa sabon ɗakin na aji na farko ne, a raba su biyu, ƴan ajin ƙarshe su haƙura da tsohon.